Maimaita Mini In Ji

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025. Anka.

Mun bar Gusau da hantsi, don yanzu ba mai kama hanyar Anka da asuba ko bayan la'asar. Tun daga mararrabar Mayanchi direbanmu bai ajiye waya ba. Sai ya kira wanda ya riga shi wucewa ya ce, "Hanya lahiya?" Can a faɗa masa wani abu, ya ce "To," ya kashe. Sau huɗu na ƙirga. Ko sau ɗaya bai tambayi mutumin inda yake tsaye ba, ko ƙarfe nawa ya wuce wurin da yake cewa lafiya. Mu goma ne a motar, rayukanmu duka a rataye jikin wannan "to" ɗin. Na yi shiru, don fasinja ba ya koya wa direba hanyarsa, amma shekara talatin da ɗaya da na yi ina ba jiragen sama hanya ta rediyo sun hana ni sakin jiki.

Ɗaurin auren 'yar wana ya kawo ni, ranar Asabar a Gummi, kuma ni ne waliyyi. Sha'aban ne, kowa na gaggawar kai amarya kafin azumi. Na ce bari in fara da Anka in kwana biyu wajen Yaya, in biya Bukkuyum ta'aziyya, sannan gida.

Da yamma hazo ya ɗan yaye. Muna zaune a tsakar gida sai ga farin zare biyu a sama, ɗaya ya yi arewa ɗaya ya yi kudu, suka gitta juna kamar an ɗora kara bisa kara. Jikan Yaya, ɗan aji shida, ya ce, "Kaka, sun yi karo?" Na ce ba su yi ba. Ya ce to wa ya hana su, tunda sama ba kwalta ba ɗan sanda.

Na ɗauko faifai biyu na riƙe ɗaya a kan ɗaya. Na ce masa sama hawa-hawa take kamar bene. Jirgin da alƙiblarsa ta karkata gabas yana bin hawa irin su ƙafa 33,000 ko 35,000 ko 37,000, wanda ya karkata yamma kuma 34,000 ko 36,000. Tsakanin wannan da wancan ƙafa 1,000 ne, mita 300 da 'yan kai. Da can ƙafa 2,000 ake bari a wannan tsayi, sai a 2008 Afirka ta rage, bayan na'urorin auna tsayi sun inganta. Jirage biyu masu fuskantar juna kuwa suna cinye kilomita guda cikin daƙiƙa biyu da ɗan abu. Kafin ido ya gane ɗigon da ya hango jirgi ne, an gama. Abin da ke raba su magana ce da wani ya yi, wani ya ji.

A taswirar matuƙa, sararin samaniyar Najeriya duka sunan Kano yake ɗauke da shi, garin da jiragen sojan Ingila suka sauka a 1925. Na arewan nan da muka gani, in ya kusa iyaka mai kula da shi zai miƙa shi ga takwaransa na Yamai, ya faɗa masa sunan jirgin da tsayinsa da mintin da zai iso, wancan ya maimaita. A 13 ga Satumba, 1997, wani jirgin sojan Jamus ya sha mai a Yamai ya nufi kudu a hawan da bai dace da alƙiblarsa ba, labarin zuwansa bai isa inda ya kamata ba, ya yi karo da jirgin sojan Amurka a kan teku daura da Namibiya. Mutum 33. Wannan ban faɗa wa yaron ba.

Talata, 11 ga Fabrairu. Anka.

Yau Yaya ta yi mini faɗa.

Na aiki yaron jiya wajen wani tsohon abokina, na ce ya gaya masa zan shigo bayan azahar, kada ya jira ni da abinci. Ya durƙusa ya ce "To, Kaka," ya miƙe. Na ce tsaya, maimaita mini in ji. Yaya na tsince shinkafa ta ɗago kai. "Auta, mi ne ne haka? Yaro ya ce maka to, ka tsare shi kamar wanda ka kama da ƙarya?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "In ce mishi kana nan tahe bayan la'asar, shi jira ka da abinci." Yaya ta ajiye tiren, ba ta ƙara cewa komai ba.

Ba laifin yaron ba ne. Mun tarbiyyantar da shi cewa ladabi shi ne ya ce "to" ya tashi, maimaita maganar babba kuwa tsaurin ido ne. Ita kuma "to" kalma ce mai ɗaki da yawa. Tana nufin na ji, tana nufin na yarda, tana nufin ban yarda ba amma ba zan yi musu da kai ba, wani lokaci ma tana nufin ban gane ba amma ina jin kunyar tambaya. A Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, abin da aka fara cire mana daga baki ke nan. An koya mana cewa umarni kamar tukunya yake, a kan duwatsu uku yake zama: mai hasumiya ya faɗa, matuƙi ya maimaita lamba da lamba tare da sunan jirginsa, mai hasumiya ya saurari maimaicin ya tabbatar abin da ya faɗa ne aka dawo masa da shi. Ko wanne aka zare, tukunyar ta kife.

An sayi wannan darasi da tsada. A 27 ga Maris, 1977, bam ya tashi a filin jirgin Las Palmas, aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin tsibirin Tenerif, mallakar Sifen, can yamma da Maroko. Hazo ya sauko har hasumiya ba ta ganin titin jirgi, kuma ba radar ƙasa. Manyan jirage biyu, Boeing 747 na KLM da na Pan Am, suna kan titi ɗaya. Na KLM ya kai ƙarshe ya juyo, na Pan Am yana tafe a hankali yana neman inda zai kauce. Aka karanta wa na KLM hanyar da zai bi bayan ya tashi. Hanya aka ba shi, ba izinin tashi ba, amma kalmar tashi ta fito a cikin maganar. Mataimakin matuƙi ya maimaita, ya ƙare da wata jimla mai fuska biyu, ana iya jinta da cewa suna wurin tashi, ana iya jinta da cewa suna tashi. Mai hasumiya ya ce "Oke," ya ɗan yi shiru, sannan ya ce su dakata zai kira su. Daidai wannan lokaci na Pan Am ya danna rediyonsa yana cewa har yanzu suna kan titin. In mutum biyu suka danna tare a tasha ɗaya, ƙara kawai na uku ke ji. Abin da ya isa kunnen KLM sarai shi ne "Oke". Mutum 583 suka mutu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama mai yawan wannan ba.

"Oke" ɗin nan ƙanwar "to" ɗinmu ce. Tun daga lokacin aka kore ta daga bakin mai hasumiya, aka kuma keɓe kalmar tashi: ba a furta ta sai in ana ba da izinin tashi ko ana soke shi. Haka kuma lambobi suna da lafazinsu na dabam, tara ta Turanci a ce "naina", uku a ce "tiri", don kada tsakin rediyo ya mai da wata wata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne injiniyan jirgin KLM. Ya ji wani abu a rediyo, ya tambaya ko na Pan Am ya bar titi. Kyaftin ɗin, wanda shi ne babban mai horar da matuƙan 747 na kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari. Injiniyan bai sake magana ba. Bature ne, bai san kunyarmu ba, amma girman na gaba ya rufe masa baki. Da daddare na ba Yaya wannan labari. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Allah shi jiƙan musulmin cikinsu. Amma kai ma ka riƙa faɗa wa yaro dalili." Ta yi gaskiya.

Laraba, 12 ga Fabrairu. Bukkuyum.

Zaman makoki a ƙarƙashin rumfa, ana shigowa ana fatiha ana fita. Da aka gaya wa wani dattijo aikin da na yi, sai ya matso da buzunsa kusa da ni. Ya ce ya yi aikin hajji a 1991, yana sansanin alhazai a Jidda yana jiran jirginsu ranar da na Sakkwato ya faɗi. Ya ce shekara talatin da huɗu ke nan yana jin mutane na cewa Larabawan hasumiya ne ba su gane maganar matuƙin ba, shi ya sa. "Alhaji, kai da ka san aikin, hakanan ne?"

Na ce akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma ba shi ne sanadi ba. Ga yadda na ba shi, kamar yadda binciken ya nuna.

Ranar 11 ga Yuli, 1991 ce, da safe. Jirgin DC-8 ne na wani kamfanin Kanada mai suna Nationair, an yi hayarsa yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, lambar tafiyarsa 2120. Alhazai 247, ma'aikata 14, za su Sakkwato. A lokacin ba a yi jihar Zamfara ba, sai 1996, saboda haka Anka da Gummi da Bukkuyum duk Sakkwato ce, jirginmu ne. Tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, an sani, aka tafi a haka don kada a makara. Yana gudu a kan titi tayoyin hagu suka fashe, ƙarfe ya riƙa gurzar kwalta har ya kama wuta. Matuƙan ba su san da wutar ba. Da suka tashi suka naɗe tayoyin zuwa cikin jirgi, wato suka shigar da garwashin ɗaki da hannunsu, a wurin da wayoyi da bututun man sarrafa jirgi suke.

Nan ne maganar hasumiya ta shigo. Kyaftin ya kira yana neman ya tsaya a ƙafa 2,000 saboda matsalar iskar cikin jirgi, amma maimakon ya kira kansa da sunan Najeriya da aka san tafiyar da shi, sai bakinsa ya tafi ga sunan kamfaninsu. Mai hasumiya ba shi da jirgi mai wannan suna a gabansa. Ya ɗauka wani jirgin Saudiyya ne da ke shigowa Jidda yake magana, ya ba wancan ƙafa 3,000. Kyaftin ɗinmu ya amsa, bai faɗi sunan jirginsa ba. Minti uku aka yi a haka, mutum biyu suna magana da juna kowanne yana zaton da wani yake yi, wuta kuwa tana cin ƙasan ɗakin fasinja. Daga baya an gane, an juyo da shi, an ba shi titi. Saura ƙasa da kilomita uku ya kai ya tarwatse. Ba wanda ya fita cikin 261.

Masu bincike ba su ɗora haɗarin a kan minti ukun nan ba, tayoyin da wutar suka kama. Na faɗa wa dattijon haka ƙarara, don kada ya ci gaba da riƙe wani bawan Allah a zuciya. Amma ni da na zauna a irin kujerar nan, minti uku ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Jirgi na cikin matsala kuma wanda ke ƙasa bai ma san wanne ne ba, alhali abin da zai warware shi kalma biyu ce a ƙarshen jimla. Shi ya sa har na bar aiki ban taɓa karɓar amsar da ba ta zo da suna ba, ko da na san muryar kamar ta ɗan'uwana.

Dattijon ya shafa fatiha. Ya ce a ranar sun ga hayaƙi daga nesa, ba wanda ya gaya musu ko na wa ne sai can da rana.

Alhamis, 13 ga Fabrairu. Hanyar Gummi.

Mun tsaya a wata tasha direba na zuba ruwa a mota, sai ƙarar jirgi ta taso daga kudu, ƙasa-ƙasa, ba irin ta masu farin zare ba. Mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu. Wata mata ta jawo ɗanta jikinta. Ba wanda ya gudu, ba kuma wanda ya yi magana har ƙarar ta ɓace. Sannan wani ya ce, "Allah shi sa su gane su wa suka gani."

Kowa ya san abin da yake nufi. Wata guda ke nan da abin da ya faru a Tungar Kara, can yankin Zurmi da Maradun, inda jirgin yaƙi ya kai hari aka rasa aƙalla mutum 16, cikinsu 'yan sa-kai da suka fito tunkarar 'yan bindiga aka ɗauka su ne 'yan bindigar. Kafin nan akwai Tudun Biri a Kaduna, daren 3 ga Disamba, 2023, masu Mauludi, aƙalla 85. Mutanen nan suna son jirgin ya zo. Wanda ya ga abin da aka yi wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022 ba zai ce ba ya son jirgi ba. Suna so ya zo, suna kuma tsoron zuwansa.

Ni ba soja ba ne, aikinsu dabam nawa dabam. Amma a namu akwai ƙa'idar da ba a tsallakewa: ba ka juya ɗigo a rada sai ka tabbatar ko wane ne. Kana ba shi lamba huɗu ya sa a na'urarsa, lambar ta fito a gabanka, sannan ka ce masa ka gane shi. Ɗan sa-kai a kan babur ba shi da lamba huɗu, ba shi da tashar da zai kira na sama ya ce mu ne, ga inda muke, mu kaza ne. A Maris ɗin 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe, gwamnatin tarayya ta ayyana hana shawagin jirage a Zamfara, a Satumbar shekarar kuma aka rufe layukan waya. Duka biyun rufewa ne. Abin da nake fata in gani shi ne buɗe layi guda tsakanin na ƙasa da na sama, mai sunan kira da aka sani, wanda ba a aiki da saƙonsa sai an maimaita an tabbatar. Kuɗinsa bai kai na bam ɗaya ba.

Mun shiga Gummi kafin la'asar. Har yanzu akwai gidajen da ambaliyar bara ta rusa ba a tayar ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu. Gummi.

Gida ya cika, mata na ta daka, ba wurin zama sai soro. Bayan isha'i ƙanen amarya, wanda ya gama digiri a fannin kimiyya, ya same ni ya ce, "Baffa, ina son aikinka." Ya ce ya ji an aza harsashin filin jirgin sama a Gusau bara, yana ganin za a buƙaci 'yan jiha. Na ji daɗi ƙwarai. Na tambaye shi me ya sani game da aikin, ya ce rada da kwamfuta. Sai na ga gara in fara masa da Nuwamban 1996.

Ranar 7 ga wancan wata jirgin ADC, Boeing 727, ya taso daga Fatakwal zuwa Legas da mutum 144, cikinsu har da Farfesa Claude Ake, masanin siyasar nan. Yana saukowa, wani jirgin kamfanin Triax kuma ya taso daga Legas yana fuskantarsa. Akwai rada, akwai mai kallonta. Amma hoton da ke kan mai radar ya saɓa da abin da ke sama: yana lissafi kamar na ADC ya riga ya sauka ƙasa da wancan, alhali bai sauka ba. Na'urar gargaɗin karo ta yi kuka a ɗakin matuƙa, kyaftin ya karɓi tuƙi ya karkata don ya kauce, karkatar ta wuce kima, jirgin ya kife ya nutse a ruwan Ejirin kusa da Epe. Jiragen ba su taɓa juna ba, amma ba wanda ya tsira. Kwamitin bincike ya sa rashin tsaftar raba jiragen daga mai rada a gaba, sannan yadda matuƙin ya yi kaucewar.

Kwana biyar bayan haka, 12 ga Nuwamba, a kusa da Delhi ta Indiya, jirgin Saudia ya taso aka tsayar da shi a ƙafa 14,000, jirgin Kazakistan mai shigowa aka ba shi 15,000. Ma'aikacin rediyon na Kazakistan ya amsa daidai, amma ba shi ke riƙe da jirgin ba, matuƙan suka ci gaba da saukowa. Radar Delhi ta lokacin ba ta nuna tsayi. Mutum 349. Ina bakin aiki a wannan mako, kuma na tuna yadda ɗakinmu ya yi tsit, kowa na maimaita lambobi a hankali kamar sabon ɗalibi.

Na gaya masa na'urar gargaɗin nan ma sai da aka yi hasara kafin aka daidaita matsayinta. A 2002, a sararin kudancin Jamus, mai hasumiya ya ce wa jirgin Rasha ya sauka, na'urar ta ce ya hau, matuƙin ya bi mutum, jirgin da ake son ya kauce wa kuma ya bi na'urarsa ya sauka, suka yi karo. Mutum 71, mafi yawansu yara 'yan makaranta. Yanzu doka a fili take: in na'urar ta yi magana ita ake bi, mai hasumiya ya yi shiru.

Sai ya ce, "Baffa, kai ka taɓa yin kuskure?"

Ban taɓa ba kowa a gidan nan wannan labari ba. Wani dare ne, wajen ƙarfe uku, a wani filin jirgi da na yi aiki. Jirage biyu a hannuna masu lambobi kusan iri ɗaya, lamba guda ce ta bambanta su a tsakiya. Na ba ɗaya izinin saukowa. Aka maimaita mini tsayin daidai, da murya mai natsuwa, na ce daidai ne. Wanda ya maimaita ɗin ba shi na kira ba, ɗayan ne, kuma ya faɗi lambarsa sarai. Kunnena ya ji abin da yake jiran ji. A ƙarƙashinsa akwai jirgi na uku. Mataimakina, yaro ne da bai fi shekara biyu a aiki ba, ya dafa kafaɗata ya ce, "Oga, ba shi ba ne ya amsa." Na danna na tsayar da shi, ya riga ya bar hawansa da 'yan ƙafa ɗaruruwa. Fasinjojin na barci, ba wanda ya san an yi. Na rubuta rahoto da hannuna kafin gari ya waye, na sa sunan yaron a matsayin wanda ya kama kuskuren. Da ya ji nauyina ya yi shiru, da yau wani ne ke ba da labarina a wani soron.

Yaron wana ya daɗe bai ce komai ba. Na ce masa in yana so zan taya shi neman Zariya, amma ya fara gwada kansa a gida: ya ga ko zai iya ce wa babansa "ban gane ba, sake faɗa" ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu. Gummi.

An ɗaura aure da ƙarfe goma sha ɗaya a ƙofar gida. Na sha zama a irin wannan taro, amma yau da nake waliyyi sai na ji shi da wani kunne.

Wakilin ango ya nemi auren, ya ambaci sunan yarinya da na ubanta da sunan wanda yake nema wa. Na ce na ba shi. Ya ce ya karɓa. Liman bai wadatu ba sai da muka yi haka sau uku. Aka zo sadaki, wakilin ya faɗa a hankali irin na masu kunya, naira dubu ɗari da hamsin, lakadan. Sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya don na bayan rumfa su ji: "Sadaki naira dubu ɗari biyu da hamsin, lakadan ba ajalan ba!" Liman ya ɗaga hannu. "Ɗari da hamsin aka ce." Sanƙira ya gyara, ya sake shelantawa, sannan ya ce, "Jama'a kun jiya? Kun shaida?" Aka amsa, "Mun jiya, mun shaida."

Daɗi ya kama ni. Duwatsun nan uku ne cif: an faɗa, an maimaita da suna da adadi, mai sauraro ya kama kuskure ya gyara a take, kuma ba wanda ya ji an ci masa fuska. Ranar Talata na zargi tarbiyyarmu, yau na ga ban yi mata adalci ba. Mun san wannan ilimi tun kafin a ƙera jirgi. Dillalin shanu ma ba ya sakin hannu sai ya maimaita kuɗin kowa ya ji. Inda muka ɗauka abu mai nauyi ne, ba ma yarda da "to". A saƙon hanya da na magani da na tsaro ne muke barinta ta wuce, kuma nan ne rai yake.

Da dare, bayan an kai amarya, na samu layi na duba labarin Washinton. Tun 29 ga Janairu nake bin sa: jirgin fasinja na saukowa, helikwaftan soja ya gitta, suka yi karo suka faɗa kogin Potomak, mutum 67. Jiya hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta yi bayani. Daƙiƙa 17 kafin karon, mai hasumiya ya ce wa helikwaftan ya bi ta bayan jirgin. Na'urar naɗar murya ta nuna mai yiwuwa kalmomin "bi ta bayan" ba su shiga kunnensu ba, saboda a daidai lokacin an danna maɓallin rediyon helikwaftan na ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Hanyar da suke bi ba a wuce ƙafa 200 a cikinta, su kuwa suna wajen 278. Shekara 48 bayan Tenerif, a babban birnin Amurka, da duk na'urorinsu. Na ajiye wayar na kasa barci, ina jin kiɗan 'yan kai amarya daga nesa, ina tunanin mai hasumiyar nan da abin da yake ji a kunnensa in dare ya yi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu. Gummi zuwa Gusau.

Ƙanen amarya ya rako ni tasha, daga nan ya ce zai bi ni har Gusau ya karɓo takardunsa. Na ba shi gaba, na zauna bayan direba.

Da muka wuce Anka direban ya kira wani ya ce, "Hanya lahiya?" Ya saurara, ya ce "To," zai kashe. Yaron ya ce, "Yi haƙuri, Malam. Tambaye shi ina yake yanzu, kuma yaushe ya wuce dajin." Direban ya dube shi ta gefen ido, ya dubi hanya, sannan ya mai da wayar kunne ya tambaya. Ashe mutumin tun ƙarfe takwas ya wuce, yana Gusau yana karin kumallo. Lokacin sha ɗaya saura.

Direban ya gangara gefen titi kusa da shingen sojoji ya kashe mota. Muka jira har wata Golf ta fito daga wancan ɓangaren, ya tare ta, suka yi magana ta taga. Na ji yana cewa, "Ka ce yanzu-yanzu ka biyo, ba ka ga kowa ba, motoci na wucewa?" Wancan ya ce ƙwarai. Sannan ya tayar da mota.

Mun iso Gusau ana kiran azahar.